Anti Kwafi da Koren Littafi

Duk wanda ya ce maka ya yi karatu a sashen ilimin halayyar ɗan'adam na wannan jami'a amma bai san Anti Kwafi ba, ka nemi ya nuna maka takardar shaidarsa, don ina shakkar ya taɓa taka wurin. Shagonta yana ƙarƙashin matattakalar bene, wani ɗan lungu da in ta miƙe tsaye sai ta sunkuyar da kai. A ciki akwai injin kwafi guda, tsohuwar kwamfuta, fanka mai kuka kamar ana yanka ta, da benci mai ɗaukar mutum uku in sun yi haƙuri da juna. Shekara goma sha tara ta yi a nan. Shugabannin sashe shida sun zo sun tafi a kan idonta, kuma kowannensu ta saman kanta yake takawa ya hau ofis.

A takarda, aikinta kwafi ne da buga rubutu, shi ke nan. Amma ga yadda abin yake. Duk farkon zango, ɗalibi zai cike fom ɗin rajista, ya jera kwasa-kwasan da zai ɗauka, ya kai wa malami mai ba ɗalibai shawara ya sa hannu, sannan ya yi kwafi uku: ɗaya na sashe, ɗaya na ofishin jarrabawa, ɗaya nasa. To ina za a yi kwafin in ba ƙarƙashin bene ba? Haka kowane fom na sashen yake bi ta hannunta, ita kuwa Allah bai yi ta da iya riƙe takarda ba tare da ta karanta ba.

Kafin ta ɗaga murfin inji, sai ta zaro fensir daga gefen ɗankwalinta.

“Wace shekara ka shigo?”

Tambayar ke nan kullum. Daga nan sai ta bi layi da bakin fensir tana ƙirga yunit, wato nauyin da kowane kwas yake da shi, wannan biyu, wancan uku, don sai mutum ya tara ɗari da ashirin, ya kuma ci duk kwasa-kwasan dole, kafin a sallame shi.

“Kai, ɗan nan, aljani ne kai? Ga kwas ɗin halayyar yara ranar Talata ƙarfe goma, ga na gwajin ƙwaƙwalwa shi ma Talata ƙarfe goma. Rabin jikinka za ka tura can, rabi nan?”

Ko kuma ta dubi wata ta saman tabarau. “Ke kuma uwar gaggawa, kin ɗauki dabarun bincike ba ki ci ƙididdiga ba. Da me za ki yi binciken, da duba?”

Ɗalibai su yi dariya, mai fom ya sosa ƙeya, ya koma ya gyara. Wasu suna jin haushinta, ba a rasa ba. Akwai mai cewa, “Anti, kwafi na zo yi, ba wa'azi ba.” Sai ta miƙa masa takardarsa ta ce ga hanya nan, akwai wani shagon a bakin titi, can ba sa karatu.

A bangon shagon akwai wata doguwar ƙusa mai tsatsa, an rataye mata littattafai huɗu da zare: ja, rawaya, kore da shuɗi. Littattafan ƙa'idar sashe ne. Duk bayan 'yan shekaru sai manya su zauna su sauya tsarin karatu, su cire wannan kwas su ƙara wancan, a bugo sabon littafi da sabon launi, tsohon kuma a watsar da shi bayan kabad. Abin da mutane ke mantawa shi ne, ɗalibi da littafin shekarar da ya shigo ake yi masa hisabi ranar fita, ba da na yayi ba. Anti Kwafi ba ta mantawa. Ita da ƙusar nan sun san abin da mantuwa ke jawowa.

Don ita ma ɗalibar sashen ce a da. E, wannan sashen dai, waɗannan azuzuwan. Karatun shekara huɗu ne, amma doka ta ba mutum har shida, in ya wuce nan ba shi ba takarda. Ciwo ya cinye mata shekara biyu, ta dawo a ta shida da kwas guda da ya rage mata. Ta je ta sami malamin kwas ɗin a baranda, ya ce, “Ba komai, ki shigo aji kawai.” Ta shiga. Ba ta yi fashi ko sau ɗaya ba. Ta zauna jarrabawa, ta ci saba'in da ɗaya. Ranar da aka kafe sunayen masu fita, ta bi allo daga sama har ƙasa sau uku, babu sunanta. Kwas ɗin ba ya cikin fom ɗinta. Ba wanda ya gaya mata cewa “shigo aji” ba rajista ba ce, kuma malamin da ya sa mata hannu bai duba ba. Aka ce makin da ba a yi wa rajista ba, kamar ba a ci shi ba ne. Ta yi kuka a ofis bakwai, kowa ya ce Allah sarki, kowa ya ce ba hurumina ba ne.

Babanta direban babbar mota ne, bai taɓa zama a aji ba. Tun tana shekarar farko ya kafa ƙusa a bangon falo, ya ce nan za a rataye hotonta da rigar kammalawa, kuma ya hana a rataya ko kalanda a wurin. Da ta dawo hannu rabbana, bai yi mata faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi mata sauƙi. Ƙusar ta zauna tsirara shekara biyu har ya rasu. Bayan an watse daga zaman makoki, ta ɗauko filaya ta zare ta, ta ƙulle a bakin zani. Da ta samu lungun ƙarƙashin bene, ita ta fara kafawa kafin a shigo da inji.

Maigidanta mai gyaran fanka ne da injuna, rumfarsa na tsallaken titi daga ƙofar makaranta. A gyaran injinta suka haɗu, kuma har yau yana cewa injin ya fi ta sauƙin kai. Farfesa yake kiranta in yana son tsokana.

“Farfesa, yau mutum nawa kika kora?”

“Huɗu. Ɗaya ma har da harara.”

“Allah ya ƙara miki ilimi, ya ƙara mana haƙuri.”

Haka aka yi ta tafiya lafiya lau, har aka kawo sabon mai ba da shawara shekara uku da suka wuce. Matashin dakta ne, mai tsabta, mai sauri, takalminsa kullum yana ƙyalli. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Ɗalibai ɗari huɗu aka jibga masa, ga koyarwa, ga nasa binciken. Sai ya samo dabara: a jera fom, ya riƙa ɗaga kusurwa yana sa hannu, idonsa na kan waya. Kafin zango ya ƙare ɗalibai sun raɗa masa Dakta Sa-hannu.

Matsalar ita ce fom ɗin da ya sa wa hannu da safe, sai ya dawo masa da rana da zanen fensir a jiki. Na farko ya gyara. Na goma ya yi tsaki. Da aka kai wajen na hamsin, wani ɗalibi marar wayo ya ce masa a gaban mutane, “Anti Kwafi ta ce ka yi kuskure a nan.” Tabɗijam! Ran nan bene ya ɗauki zafi.

Bayan kwana biyu masinja ya sauko da wasiƙa mai hatimi. An ba ta wurin nan don kwafi ne kawai. Ba ta da izinin ba ɗalibai shawara kan karatu. In aka sake samun ta da haka, ko sau ɗaya, ta kwashe kayanta cikin mako guda.

Ta kai wa Maigidan wasiƙar. Ya karanta, ya goge hannu da tsumma, kuma wannan karon bai ce Farfesa ba.

“Ki ji ni da kyau. Yaranmu uku, kuma rabin abin da muke ci daga lungun nan yake fitowa. Ki rufe ido ki danna maɓalli. Wanda ya faɗi, ba ke kika tura shi ba.”

“Ni ma ba wanda ya tura ni,” ta ce. “Kallo kawai suka yi.”

Amma ta ji tsoro, gaskiya ta ji. Ta cire fensir daga ɗankwali ta jefa a durowa. Zango guda cur tana kwafi tana kallon bango. In fom ya zo, sai ta kifa shi a kan gilashi da sauri kamar mai ɗaukar garwashi. Ɗalibai suka ce Anti ta yi sanyi. Ita kuwa abinci ma ba ya yi mata daɗi.

Sai zango na biyu ya zo, zangon masu fita. Akwai mako guda da ake bayarwa na ƙari da ragi, wanda ya manta kwas ya ƙara, wanda ya ɗauka da yawa ya rage. Ranar ƙarshe ƙarfe huɗu ake rufewa, kuma in an rufe, ko uban wa ka sani an rufe.

Wajen ƙarfe biyu da rabi na wannan rana wata ɗaliba ta shigo tana haki. Maman Biyu ake kiranta, don tagwayen da ta haifa tana aji biyu, waɗanda suka zaunar da ita a gida shekara biyu. Mace ce mai fara'a, jakarta kullum cike da littafi da kayan yara a cakuɗe.

“Anti, uku za ki yi mini. Na ƙarshe ke nan, in Allah ya so. Daga wannan ba za ki sake ganin fuskata ba sai da rigar kammalawa!”

Anti Kwafi ta karɓa za ta kifa. Wallahi kifawa za ta yi. Amma ido ba ya neman izini, sai da ya sauka a kan lambar ɗalibar, kuma lambar tana farawa ne da shekarar shigowa. Shekara shida. 'Yar koren littafi ce.

Koren littafi ya wajabta wa kowa kwas guda daga wani sashe, yunit biyu, kafin fita. Shuɗin da ya zo bayansa ya soke wannan sharaɗi. Dakta Sa-hannu kuwa a zamanin shuɗi ya zo, bai taɓa ganin kore ba.

Ta riƙe takardar. Fanka na ta kuka. Ta tuna wasiƙa, ta tuna yara uku, ta ɗaga kai ta ga ƙusa.

“Kin taɓa ɗaukar kwas a wani sashe?”

“A'a, Anti. Ai an ce an daina.”

“An daina wa na bayanki. Wannan shekararki ta nawa?”

“Ta shida.” Murmushin ya fara gushewa. “Anti, lafiya?”

Anti Kwafi ta ja durowa ta ɗauko fensir. Amma ba ta yi zane ba tukuna, ta gwada bin ta lalama. Ta ce wa Maman Biyu ta hau ta gaya wa Dakta, a matsayin ita ce ta tuna da kanta, cewa a koren littafi akwai kwas ɗin waje. Kada ta ambaci sunan kowa.

Minti ashirin sai ga Maman Biyu ta sauko, ido ya yi ja.

“Ya ce shi bai san wani kore ba, littafi ɗaya ne a teburinsa. Ya ce fom ɗina ya cika, in tafi. Ya tambaye ni wa ya aiko ni, na ce ba kowa. Anti, ko dai mu bar shi? Shi ne fa malami. Kada in jawo miki.”

Agogon kwamfuta ya nuna uku da minti goma.

“In kika bar shi, za ki zauna jarrabawa, ki ci komai, ki ɗinka sabon kaya, ki gayyato dangi. Sannan ki zo gaban allo ki nemi sunanki sau uku.” Ta kashe inji. Ta miƙa hannu ta zare koren littafi daga ƙusa. “Tashi mu je. A yi ta ta ƙare.”

Shekara goma sha tara tana jin takun mutane a kan benen nan, ba ta taɓa hawa don wata magana tata ba. Ta hau tana riƙe ƙarfen gefe, gwiwa na ƙara. Layin ɗalibai ya cika baranda, da suka gan ta da littafi a hannu da fensir a ɗankwali, sai suka dare ba wanda ya ce musu.

Dakta ya ɗago kai, ya gan ta, ya yi kicin-kicin da fuska.

“Malama, kin ɓata hanya ne? Nan ba a kwafi.”

“Ranka ya daɗe, na sani. Karatu na kawo maka. Shafi na ashirin da uku.” Ta buɗe ta ajiye a kan tulin fom ɗin da ke gabansa.

“Kin karanta wasiƙar da aka aiko miki?”

“Na karanta. Ni ai duk abin da aka miƙo mini sai na karanta, shi ne laifina.”

Wani a baranda ya tuntsire da dariya, aka toshe masa baki. Dakta ya miƙe tsaye.

“Wace takarda gare ki da za ki koya mini aikina? Me kika karanta?”

Nan fa ya taɓa inda ke ciwo. Ta dube shi ido cikin ido.

“Abin da kake koyarwa shi na karanta, a ajin da ke ƙarshen barandar nan. Ba ni da takarda, gaskiyarka. Ka san abin da ya hana ni? Yunit biyu, da wani malami mai kirki da ya sa hannu bai duba ba. A kan kujerar nan taka yake zama. Shi ya manta da ni tun ran nan, ni kuwa yau shekara ashirin da biyu ban manta da shi ba. Yarinyar nan shekararta ta shida ke nan, ba ta da gobe. Ka kore ni, wurinku ne. Amma ka karanta shafin nan kafin huɗu ta buga, don in ba ka karanta ba, nan da shekara ashirin akwai wadda za ta riƙa tuna sunanka kullum, kuma ba da alheri ba.”

Dakta ya tsaya yana huci. Ya dubi ƙofa, ga idanu sun fi hamsin. Ya dubi littafin. Sannan ya zauna, ya jawo shi, ya karanta. Ya juya bangon littafin ya duba shekara, ya dubi lambar da ke kan fom, ya sake karantawa. Ya ɗaga waya ya kira ofishin jarrabawa, ya yi tambaya guda a hankali, ya saurara, ya ajiye.

Bai dubi kowa ba. Ya jawo fom ɗin ƙari, ya ce wa Maman Biyu, “Akwai na sashen zamantakewa ranar Laraba, bai ci karo da naki ba. Rubuta.” Ta rubuta. Ya sa hannu, kuma wannan karon sai da ya bi layi ɗaya bayan ɗaya. “Ruga, saura minti ashirin.”

Ta fita a guje, takalmi ɗaya na neman tsinkewa.

“Ke kuma,” ya ce, har yanzu idonsa na kan tebur, “wasiƙa ta riga ta faɗi abin da ta faɗa.”

“Na ji, ranka ya daɗe.” Ta juya ta sauka, ta bar masa littafin a buɗe.

Kada ka zaci wani ya zo ya cece ta. Ɗalibai sun yi surutu kwana biyu, aka fara karatu, kowa ya kama gabansa. Ranar da mako ya cika, Maigidan ya zo da baro suka ɗora inji. Bai ce ai na gaya miki ba. Da suka gama kwashewa sai ya miƙo mata filaya ba tare da ta tambaya ba, ta zare ƙusarta.

Ya matsar da matattun fankoki, ya ba ta gefen rumfarsa a tsallaken titi. Wurin ba daɗi. Rana na dukan inji har ya riƙa shaƙe takarda, ciniki ya ragu fiye da rabi, don ba kowa ke son tsallaka titi saboda kwafi uku ba. Babbar 'yarsu ta koma tafiya makaranta a ƙasa. Maman Biyu ma ba ta leƙo ba, ga aji ga tagwaye ga aikin bincike, kuma wannan ya yi wa Anti Kwafi ciwo, ba ta ɓoye ba. Amma ƙusa ta samu sabon bango, fensir ya koma ɗankwali, kuma duk wanda ya tsallako ya san tambayar da ke jiransa.

Bayan wata biyar aka ce an kafe sunayen masu fita. Ta wanke hannu, ta gyara ɗaurin ɗankwali.

“Ina zuwa, Farfesa?” Maigidan ya tambaya.

“Makaranta.”

Allon yana nan inda yake tun zamaninta, gilashinsa ma da tsohon tsagin nan a kusurwa. Ɗalibai sun yi cincirindo, masu ihu na ihu, masu kuka na kuka. Ta kutsa har gaba. Ta ɗora yatsa a kan gilashi ta fara bi daga sama, layi layi. A takarda ta biyu, na goma sha huɗu, ga lambar Maman Biyu, ga sunanta. Ta bar yatsan a wurin, ta kasa ɗagawa, hawaye na zuba ba ta share ba.

“Malama.”

Ta waiwaya. Dakta ne, da tarin takardu a hammata, kuma a cikinsu ta hango gefen koren littafi, an lanƙwasa kusurwar shafuka da yawa. Ya ga ta gani. Ya gyara riƙo, ya yi gyaran murya.

“Me ya kawo ki nan?”

“Sakamakona na zo dubawa.”

Ya dubi allon, ya dubi yatsanta da ke kan sunan wata. Can ya ce, a hankali, “Ya fito?”

“Ya fito,” ta ce. “Ya daɗe a hanya, amma ya fito.”

Ta share fuska da gefen mayafi, ta ratsa ta cikin ɗalibai ta nufi ƙofa, don ta bar wani yaro ɗan aji ɗaya a kan benci da fom a hannu, kuma ba ta gama ƙirga masa ba.